Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamitin gudanarwar makaranta: a mayar wa yara da sa'ar tsofaffi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban kwamiti, shugaban makaranta, malamai da wakilan iyaye, ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya tare da iyalanku. Ni tsohon malamin firamare ne. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, kuma wasunku a gabana suka koyi haɗa baƙi. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Na rubuto ne a madadin tsofaffin nan, maza da mata, da kuka saba buɗe wa ƙofar aji sau ɗaya a mako, mu zauna da 'yan aji biyar da na shida muna ba su labarin yadda garin nan yake a lokacin da muke kamarsu. Cikinmu akwai tsohuwar ungozoma, akwai tsohon direba, akwai manoma, da tela, da wanda ya ƙare ƙarfinsa a gidan waya.

A farkon zangon nan takarda ta same mu cewa an dakatar da wannan sa'a har zuwa wani lokaci, an mayar da ita ta bitar jarrabawa. Ba a kira mu ba, ba a tambayi yaran ba. Mun zauna mun yi shawara, muka ga ya fi kyau mu yi maganar a fili, domin akwai makarantu da yawa da ba su taɓa gayyatar tsoho ko ɗaya cikin aji ba, kuma abin da za mu faɗa muku ya shafe su.

Mun san nauyin da ke kanku. Iyaye sakamako suke dubawa, masu duba makarantu ma haka, kuma ni kaina na sha kwana ina juyi saboda jarrabawar ɗalibaina. Ba mu raina wannan damuwa ba. Sai dai muna ganin wurin da kuka yanko lokacin ba nan ya kamata a yanka ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne kalmar nan ta "har zuwa wani lokaci". Darasin lissafi in an ɗage shi bana, baɗi yana nan yadda aka bar shi, littafinsa na cikin kabad. Tsoho kuwa ba a ajiye shi a kabad. Tun da aka fara wannan zama mun binne biyu daga cikinmu. Tsohon ma'aikacin gidan wayan nan kuma, watanni kaɗan bayan takardarku ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Shi ne ya san yadda wasiƙa ke barin hannun mai ita ta kwana a hanya kafin ta isa, da yadda ake taƙaita saƙon talgiram saboda kalma-kalma ake ƙirga shi, da yadda mutum kan tsaya a ƙofar ofis yana jiran wanda zai karanta masa labarin ɗansa da ke nesa. Ya shirya zai kawo wa yaran tsohon hatimin da ya adana. Hatimin yana nan a akwatinsa, amma mai bayaninsa ya yi shiru.

Ba mu ne muka fara jin wannan tsoro ba. A shekarar 1960, lokacin da duniya ke tara kuɗi don ceto gine-ginen tarihi na yankin Nubiya daga ruwan madatsar Aswan ta ƙasar Masar, marubuci Amadou Hampâté Bâ na ƙasar Mali ya tashi a taron UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nemi a ɗauki ceto abin da ke bakin tsofaffi da irin wannan gaggawa. Mutane sun haddace kwatancen da ya yi na mutuwar tsoho da gobarar ɗakin littattafai, suna ta maimaita shi a wajen ta'aziyya, sun manta cewa shi aiki ya roƙa a yi tun tsohon yana da rai. Birnin Hiroshima na ƙasar Japan ma, da ya ga waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliya na 1945 suna ƙarewa, a 2012 ya fara horar da masu ƙananan shekaru su zauna da su, su karɓi labarin daga bakinsu, su ci gaba da faɗa wa baƙi da 'yan makaranta. Mu ba mu ga abin da suka gani ba, labarinmu na rayuwar yau da kullum ne, amma ajalin da ke bin su shi ke bin mu.

Sai maganar cewa wannan sa'a hira ce kawai, ba karatu ba. Bari in ba ku labarin rana ɗaya. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ga tabo a damtsena, ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, me ya ƙone ka a nan?" Na ce mata ba ƙuna ba ce, lamba ce aka yi mini ta rigakafin agana. Babu yaro ɗaya a ajin da ya taɓa jin sunan cutar. Sai ɗaya daga cikin manoman da muka zo tare ya matso gaban allo, ya ce su dubi fuskarsa da kyau. Suka ga zanzana. Ya gaya musu cewa su uku suka kwanta a ɗaki guda shi da ƙannensa, shi kaɗai ya tashi. Ajin ya yi tsit. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa. Malamarsu, Allah ya saka mata da alheri, ta ɗauki zaren daga nan. Mako na gaba ta koya musu yadda rigakafi ke aiki a jiki, ta gaya musu cewa a Somaliya aka ga mutum na ƙarshe da cutar ta kama ta hanyar yaɗuwarta ta asali, a 1977, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa an kawar da agana daga doron ƙasa. Ta sa su lissafa shekarun da suka wuce tun daga lokacin, ta sa su nemo Somaliya a taswira. Kimiyya, lissafi da labarin ƙasa duk sun fito daga tabo guda. Na koyar da darasin rigakafi daga littafi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, ban taɓa ganin ya zauna a kan yara kamar yadda ya zauna a ranar ba. Duk wanda aka yi wa wannan lamba yau ya manyanta, masu zanzanar kuwa 'yan kaɗan suka rage. Yaron da bai ga irin wannan fuska yanzu ba, ba zai ƙara samun inda zai gan ta ba, kuma shi ne gobe za a zo wa da jita-jita a kan allurar 'ya'yansa.

Idan shaidar aji guda ba ta ishe ku ba, ku dubi abin da ƙasar Ayalan ta yi tsakanin 1937 da 1939. Hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi da ƙungiyar malamai, aka tura 'yan manyan azuzuwan firamare gida su tambayi iyayensu da kakanninsu da maƙwabtansu labarin yankinsu: sunayen gonaki da rijiyoyi, sana'o'in da suka mutu, wasannin yara, shekarun yunwa, manyan guguwa, hanyoyin da aka daina bi. Ba a ƙirƙiro wani sabon lokaci a jadawali ba, lokacin insha'i aka ba wa aikin. Yaro ya ji a gida, ya rubuta a littafinsa, malami ya duba, a kwafe mafi kyau cikin babban littafin makaranta tare da sunan wanda ya ba da labarin. Yara sama da 50,000 daga makarantu kusan 5,000 suka yi aikin, suka bar shafuka wajen 740,000. Suna nan a ajiye a jami'ar University College Dublin, an kuma ɗora su a intanet. Yau jikan ɗaya daga cikin yaran nan, ko yana Amurka ko Ostareliya, yana iya buɗe shafin ya ga rubutun hannun kakarsa tana 'yar shekara goma sha biyu, tana rubuta abin da nata kakan ya gaya mata. Ƙasar ba mai arziki ba ce a lokacin, makarantunta da yawa ɗaki ɗaya ne ko biyu. Kayan aikin alƙalami ne da littafin rubutu, waɗanda ku ma kuna da su.

Ku duba abin da yaro ke yi idan aka ba shi irin wannan aiki. Dole ya tsara tambaya. Dole ya saurara har mai magana ya kai aya, abin da yaran da suka tashi da waya a hannu ke shan wuya a kansa. Dole ya zaɓi abin da zai rubuta, ya jera shi daga farko zuwa ƙarshe, ya gyara ƙa'idar rubutu, ya tsaya gaban aji ya karanta. Wace takardar jarrabawar harshe ce ke neman abin da ya wuce wannan? Kun cire sa'ar da yaro ke samun abin faɗa, kun ba shi ƙarin sa'a ta koyon yadda ake faɗa.

Akwai kuma ilimin da ba ya cikin littafin kowace ma'aikata, domin manhaja ta ƙasa baki ɗaya ake rubuta wa, ba ta san unguwa ba. Manhaja ba ta san inda rafi yake bi kafin a cike shi a yi gini ba. Mu mun sani, domin a cikinsa muka yi wanka. A daminar da ruwa ya shiga gidaje a gangaren bayan makarantarku, mutane suna ta mamaki, tsohon direbanmu ya ce ruwa tsohuwar hanyarsa ya biyo. Ya taɓa zana wa 'yan aji shida wannan hanya a allo, daga inda take tasowa har inda take zubewa, da wuraren da kududdufai suke. Cikin yaran nan ne za a samu masu sayen fili, da magina, da masu sa hannu a takardar izinin gini. Haka zancen itatuwan da aka sare, da rijiyoyin da suka ƙafe da shekarar da suka ƙafe, da dalilin da ya sa wata unguwa ke ɗauke da sunan da take ɗauke da shi. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle a ce an hana su zama wuri ɗaya.

Game da zuciyar yaron kansa, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a jami'ar Emory ta Amurka, Marshall Duke da Robyn Fivush, sun tsara tambayoyi 20 suna yi wa yara, irin su ko ka san inda kakanninka suka tashi, ko ka san wata wahala da danginku suka shiga suka fita. Sun samu cewa yaran da suka fi sanin amsoshin sun fi yarda da kansu, sun kuma fi jure wa damuwa. Mu ba mu yi mamaki ba. Da yawa daga cikin ɗalibanku ba sa kwana gida ɗaya da kaka. Wasu an yi ƙaura da su, wasu marayu ne. A wannan sa'ar kaɗai suke samun mai furfura ya dube su ya ce mu ma mun yi rashi, mun yi shekarar da ba a samu amfanin gona ba, ga mu nan da ranmu.

Ba za mu ɓoye namu laifin ba, domin mun ji abin da wasu malamai suka faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Wasunmu in sun samu aji sai su koma faɗa, yaran zamani kaza, yaran zamani kaza, har sa'a ta ƙare ba a ba da labari ko ɗaya ba. Wasu kuma sukan shafa wa zamanin da zuma, kamar ba a lokacin ne mata ke mutuwa wajen haihuwa don babu motar da za ta kai su asibiti ba. Wannan gyara yake so, kuma mun yarda a gyara mana. An kuma ce ƙwaƙwalwar tsoho tana cakuɗa shekaru. Haka ne. Amma wannan ma darasi ne in malami ya iya riƙe shi. Akwai ranar da ni da tela muka saɓa a gaban yara kan shekarar da aka fara kawo wutar lantarki garin nan, tsakanin maganata da tasa shekara uku. Malamin ajin bai ce wane ne ya yi daidai ba. Ya tura yaran su tambayi wasu mutum biyu kowannensu, su kuma nemo wata takarda ko hoto mai kwanan wata. Wani yaro ya zo da tsohon rasit daga akwatin kakansa, aka ga maganar tela ce ta fi kusa. Yaran sun koyi cewa ana girmama babba kuma a binciki maganarsa, cewa shaida biyu ta fi ɗaya, cewa takarda da baki suna gyara wa juna. Wannan ita ce hanyar da masanin tarihi Jan Vansina ya shimfiɗa a littafinsa na 1961 kan tarihin baka, wadda ake koyarwa a jami'o'i. Yaron da ya saba da ita tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya ba zai haɗiye duk saƙon da ya faɗo wayarsa ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku mayar da sa'ar daga farkon zango mai zuwa. Idan jadawali ya matse ƙwarai, mun yarda ta koma sau ɗaya a mako biyu, muddin an rubuta ta a jadawali da sunanta, ba a bar ta sai ranar da wani malami bai zo ba. Ku haɗa ta da darasin insha'i, yadda kowane zama zai haifar da rubutu da malami zai duba ya ba da maki. Ta haka babu wanda zai ce an ci lokacin jarrabawa.

Ku sa a riƙa adana abin da aka faɗa. Wannan shi ne babban kuskuren da mu da ku muka yi a baya, muna ta magana iska tana kwashewa, har biyu suka tafi ba a rubuta musu ko layi ɗaya ba. A sayi babban littafi mai kauri, a ajiye shi a ofishin shugaban makaranta. Kowane labari a sa sunan mai ba da shi, da shekarunsa, da ranar da ya faɗa, da sunan yaron da ya rubuta, bayan an nemi izinin mai labarin. A ɗauki murya da waya, wannan yana da kyau, amma kada a dogara da ita kaɗai. Tsakanin 1984 da 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya sa makarantu dubbai a Birtaniya suka tattara bayanin garuruwansu, don cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar ƙasa na Domesday. An zuba aikin a wasu faya-fayai na zamani da sai da na'ura ta musamman ake karanta su. Ba a yi shekara ashirin ba na'urar ta ɓace daga kasuwa, sai da masana suka sha wahala kafin su ceto abin da yaran suka rubuta, alhali littafin 1086 da aka rubuta da tawada a kan fata yana nan ana karanta shi. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sauya ta. A rubuta a takarda, a kuma yi kwafi biyu.

Malamin aji ya kasance a ciki daga farko har ƙarshe, kada a bar baƙo shi kaɗai da yara ko da waye shi, wannan kariya ce ga yaran da mu baki ɗaya. Ya gaya mana maudu'in tun mako guda kafin ranar, ya sa yaran su zo da tambayoyinsu a rubuce, ya kuma ji yana da ikon dawo da mu kan hanya in mun kauce. Ba za mu ɗauki hakan raini ba.

Ku faɗaɗa gayyatar. Mata sun yi kaɗan a cikinmu, alhali rabin labarin kowane gari a hannunsu yake, kuma shi ne rabin da ba a cika rubutawa ba. Waɗanda ba sa iya fitowa, a je musu da 'yan yara kaɗan tare da malama. A kira talaka kamar yadda ake kiran mai muƙami. A kira waɗanda a wani wuri aka haife su suka zo suka zauna, su ba da labarin garin da suka baro da abin da ya taso su, domin jikokinsu na zaune a bencinku, kuma bai kamata su ji kamar tarihin da ake faɗa ba nasu ba ne.

Ba mu neman kuɗin mota ko ladan zama. Kujera muke so da sa'a guda. Muna kuma roƙon ku sa wannan magana cikin ajandar zamanku na gaba, ku ba uku daga cikinmu izinin halarta, ku kuma saurari biyu ko uku daga cikin yaran kafin ku yanke hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa muke so a zauna tun kafin a rubuta jadawalin sabon zango.

Tsohuwar ungozomarmu ta ce lallai in sa muku wannan. A zamanmu na ƙarshe ta fara ba 'yan aji biyar labarin daren da ta karɓi haihuwar tagwaye da hasken fitilar ƙwai ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙararrawa ta katse ta daidai inda na biyun ya ƙi yin kuka. Ta yi musu alkawarin ƙarasawa mako mai zuwa. Har yau in sun gamu da ita a hanya sai sun tsayar da ita suna tambaya ko yaron ya rayu, ita kuma tana ce musu a aji ta fara, a aji za ta ƙarasa. Ta haura tamanin, su kuma shekara ɗaya ta rage musu a makarantarku.

Allah ya yi muku jagora, ya albarkaci yaran da ke hannunku.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin firamare, a madadin tsofaffin da ke zuwa aji.